Kwale-kwalen da Ka Bari Rabi

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma, ni ne zan karanta maka ita. Amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Inna lafiya lau, ta fita takaba. Autarka Hadiza ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Kogin Binuwai ya cika, kwale-kwalen da ka fara wa masuncin nan na Lagdo kuwa yana nan ƙofar gida a Pumpumre, rabi jirgi, rabi katako. Mutumin ya zo sau biyu. Ƙanenka, Bappa Hammadu, ya ce zai ƙarasa shi.

Ga inda na rikice. Na auna da mita, na ga gefen hagu ya ɗara na dama da yatsa uku. Bappa ya ce kuskuren tsufa ne, a daidaita. Inna ta ce ba ka taɓa buga ƙusa babu dalili ba. Kai kuma ba ka zane, da taƙin hannunka kake awo, hannun kuma yana cikin ƙasa.

Shekara goma sha biyu ina koyar da falsafa a lise, makarantar sakandare, ka san yadda nake son aikin. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa tunani ba ya mutuwa, kuma samuwa ba ta da ƙarshe, kamar ƙirge: duk lambar da ka faɗa, akwai ta gaba. Misalin da nake ba su shi ne masassaƙin da ke ganin jirgi cikakke tun bai taɓa katako ba. Ban taɓa ce musu mahaifina ne ba. Kunya na ji, Baba. Ka yafe mini.

To yanzu ina cikakken jirgin yake? Ya bi ka? In yana wani wurin da ba ya ƙarewa, me ya hana ni ganinsa? Na yi imani da lahira, amma ana tafiya can da tunanin da ba a gama ba? Jiya na ɗauki alli zan maimaita darasin, na kasa.

Mutum zai shiga jirgin nan da iyalinsa. In an daidaita, wataƙila an goge wani abu da ka sani game da ruwa. In an bari, wataƙila kuskure na tura kogi.

Na ce wa Bappa ya bi yadda ka fara. Ranar da za a sa shi a ruwa, ni zan fara shiga, ni kaɗai, ko da yake iyon nawa ka san shi. Ban sani ba ko ilimi ne ya sa ni, ko kewarka.

Allah Ya kai haske kabarinka. Sai mun zo.

Ɗanka da ka hana riƙe gizago,
Isuhu