Kwazazzabon Bayan Maƙabarta

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiyar yara? Ya jikin maigidan? Inna na gaishe ku.

Yaya, kwazazzabon bayan maƙabarta ya kusa cin kabarin Baba. Ruwan yanzu sai ya daɗe bai zo ba, sannan ya zubo gaba ɗaya. Gwaggo Laraba mai ƙosai ce ta bi gida-gida tana kiran gayya. Ta iske ni da littafi, ta ce, "Ke amaryar takarda, saurayin cikin littafin ne zai ɗauko mana dutse?" Kunya ta kama ni, na bi ta.

Har mutanen Wagini suka zo da jakuna. Mata muka yi ta jidar duwatsu, maza na jerawa a cikin kwazazzabon suna dasa ciyawar jema don ta riƙe ƙasa. Ran Juma'a da hantsi aka sheƙa ruwa. Ina leƙe ta katanga, jan ruwan nan ya taho a guje, ya iso duwatsunmu ya lafa, ya sauke ƙasar da ya ɗebo. Kawu ya shiga maƙabartar ya duba, kabarin Baba na nan.

Ki taya mu addu'a jemar ta kama. Ki shafa min kan Ummi.

Ƙanwarki,
Safiya