Bayan Kujerar Baba

Cardiff, farkon Satumba

Ƙanena Gethin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Kendra da 'yata Mabli. Ya Ohio, ya tuƙi a hannun da ba daidai ba? Na ɗauko takarda da biro ne saboda na lura duk saƙon wayar da ya wuce layi biyu, hoton babban yatsa kake maido min.

Ranar Asabar na je gida. Jikin Baba ƙalau, sai dai zaman makoki yake yi. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu. Gidan talabijin ne ya ba da sanarwar cewa daga zangon bana wani kamfanin Amurka zai zuba kuɗi a shirin Makanikin Taurari, a riƙa shirya shi tare. Ka san mahaifinka. Tun kafin a haife mu yake shugabancin ƙungiyar masoya shirin a garinmu, ƙungiyar da yau mambobinta ba sa cika ƙaramar mota. Nan take ya kira taron gaggawa, ni kuma aka ba ni muƙamin mai zuba shayi.

Ya miƙe tsaye ya lissafa masifun da ke tafe. Za su ƙwace wa Makaniki sifana da fulas ɗin shayinsa, su ba shi bindiga. Za su gyara masa haƙora. Tsohuwar motar madarar da yake yawo da ita tsakanin taurari za ta koma jirgi mai ƙyalli. Ba za a ƙara zuwa ɗaukar shirin a ramin fasa dutsen bayan gari ba, wanda shekara da shekaru shi ne kowace duniya ta sama, fitilar kawai ake canja wa launi. Mafi muni, Masu Bokiti, dodannin da suka sa ka jiƙa wando har sau ba adadi, da kwamfuta za a zana su.

Na ce, “Baba, ai ko a da ana ganin mariƙin bokitin yana lilo a wuyansu.”

Ya ce, “Nan mutuncin abin yake, Farfesa.” Ka san ba ya ce min Farfesa sai na ba shi haushi.

Aka jefa ƙuri'a, aka yanke shawarar ƙaurace wa shirin. Kawu Idwal da Goggo Glenys sun ɗaga hannu ne kawai don Baba na kallonsu. Daga nan ya ɗauko zanen teburin Mama, mai furanni, ya lulluɓe talabijin.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi dariya na koma wajen ɗalibaina. Amma Gethin, ya tura doguwar kujera jikin bango. Ka tuna tun muna yara ba ta taɓa taɓa bangon nan ba, kullum akwai ratar da yaro zai shige ya ɓuya idan dodo ya fito. Mun girma, mun bar gida, Mama ta yi mitar ƙura har ta gaji, bai matsar da ita ba. Yanzu sawun ƙafafunta ne kaɗai ya rage a kan darduma.

Tun rasuwar Mama, ranar Asabar ce kaɗai ake ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan. Ba shirin, ba taro. Ba taro, ba baƙi. Na'urar jinsa ma ya jefa ta a durowa, wai babu abin da ya rage da ya cancanci a ji.

Kada kuma ka ce min ba ka gane ba. Idan Baba ya ce Amurkawa sun ɗauke mana abinmu, ba kullum talabijin yake nufi ba.

Ka gaida Kendra, ka sumbatar min Mabli.

Yayarka,
Nerys

Ohio, Oktoba

Yaya Nerys,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga shi na rubuta da hannu, sai ki sa a gilashi ki rataye.

Maganar Baba na ji. Me kike so in yi? Kiran da na yi masa a Kirsimetin bara, ya ba ni labarin ruwan sama, ya tambaye ni ko nan ma ana yi, sai ya miƙa miki wayar. Shekara bakwai ke nan da tahowata, har yau bai ce min komai ba, kuma wannan rashin cewar ya fi zagi ciwo.

Ni ma ina da tawa matsalar, kuma duk shirin nan ne. An fara nuna shi a nan. Na yi ta murna, na gasa burodi na zuba wake a kai kamar yadda Mama ke yi, Kendra na kallon farantin kamar na ɗora masa laifi. Na zaunar da Mabli na ce yau za ta ga abin da ubanta ya tashi da shi.

Ba su ba Makaniki bindiga ba, ki gaya wa Baba. Haƙoran dai an gyara. Amma Masu Bokitin! Yaya, yanzu da gaske suke. Ni da gemuna sai da na ɗaga ƙafafu sama. Mabli ta ƙwala ihu ta diro, ta zagaya neman wurin ɓuya, kujerarmu kuwa irin ta nan ce, ƙatuwa mai kusurwa, manne da bango. A banɗaki na same ta, cikin kwamin wanka. Na kashe talabijin da sauri.

Tun ranar a tsakiyarmu take kwana. Ko bokitin goge ɗaki ta gani sai ta canja hanya. Kendra ta ce an gama, ba a ƙara kunna mata, kuma ban ga laifinta ba. Sai dai kullum da safe yarinyar nan sai ta tambaye ni, “Baba, Makaniki ya tsira?”

Yaya ake yi ne? Mu ma mun tsorata, amma ba mu taɓa kwana da tsoron ba. Akwai abin da ake yi daga gaban kujera, ni kuwa duk karatuna a bayanta na yi shi.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Gethin

Cardiff, Oktoba

Gethin,

Gaisuwa. Takardarka ta iso, na kira masana su tabbatar rubutunka ne.

Tambayarka ka kawo ta inda ba amsa. Ni ma a baya nake, gwiwarka a haƙarƙarina. Abin da na sani game da gaban kujerar bai wuce ƙeyar Baba ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san aikin, yana zaune a falo yana kallon zanen tebur.

Ka rubuta masa. Kada ka ba shi haƙuri, kada ka ce kana kewarsa, in ka yi haka labarin ruwan sama zai aiko maka. Tambaya za ka yi masa irin wadda ake yi wa mai gyaran famfo: ga abin da ya lalace, yaya ake gyarawa.

Af, Kawu Idwal da Goggo Glenys suna kallon shirin a ɓoye a gidan Goggo, labule a sauke, kamar masu shan abin da likita ya hana. Na san haka ne domin ni ce ke kawo biskit.

Taka,
Nerys

Gida, Nuwamba

Zuwa ga ɗana Gethin Prosser,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Nan ana ruwa.

Na samu takardarka. Ka sani matsayin ƙungiya a kan wannan shiri bai canja ba. Amma tunda maganar yarinya ce, zan amsa.

Ka yi kuskure babba da ka kashe talabijin. Yaron da aka kashe wa talabijin dodo na tsakiyar allo, da dodon zai kwana. Dole ta ga an kore shi, ko da ta gefen ido ne.

Ka jawo kujerar daga bango daidai faɗin yarinyar. In ba ta jawuwa, ka sayar da ita ka sayi kujerar mutane.

Ka zauna a tsakiya, ka sake hannunka ta baya yana lilo. Kada ka leƙa ta, kada ka ce mata ba abin tsoro ba ne, ƙarya ce kuma ta sani. Idan ta kama hannun, ka bar mata shi. Kai sai da ka taɓa cizon nawa, tabon yana nan.

Sai babban abin. Ka kasa kunne ga kiɗa. Kafin Masu Bokiti su fito, akwai wani siririn sauti kamar kukan buta a kan wuta. An sa shi ne musamman domin iyaye, alkawari ne tsakanin masu shirin da mu. Da ka ji shi sai ka ce, “Fasinjoji a sauka ƙasa.” Idan an kore su kuma ka ce, “Shayi ya yi.” Ba ta fitowa sai ta ji wannan.

Wake a kan burodi daidai ne. Ka gaida matarka, ka ce mata ba da ita nake faɗa ba.

Mahaifinka,
Emlyn Prosser
Shugaba

Cardiff, ƙarshen Nuwamba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina taya ka jajen hannu. Kendra ta ce haƙoran Mabli na gaba biyu ne suka shiga. Gado ba ya ɓata hanya a gidanmu.

Kai muryarsa kawai ka ji ranar Asabar, bari in ba ka abin da ba ka gani ba.

Ina gidan lokacin da amsarka ta iso. Ya karanta a tsaye, har ya kai inda ka ce ka bi komai daki-daki amma ba ka ji kukan buta ba, ganguna da goge ne ke tashi tun daga farko har ƙarshe, dodo kuma ya faɗo ba sallama. Sai ya nemi wuri ya zauna.

“Sun cire butar?”

Na ce, “Haka ya ce, Baba.”

“To yaran fa? Wa ke gaya musu?”

Da la'asar ya kira taron gaggawa. Kawu Idwal ya shigo yana rarraba ido, a zatonsa asirinsu ne ya tonu. Baba ya miƙe ya ce ƙauracewa tana nan daram, ba gudu ba ja da baya. Sai dai tunda a nan ake riga Ohio ganin shirin da awa biyar, ƙungiya za ta kafa kwamitin sa ido domin lafiyar yara, wanda zai riƙa duba kowane kashi ya gano inda dodo ke fitowa.

Goggo Glenys ta ce, “Wato kallo za mu yi ke nan, Emlyn.”

Ya ce, “Dubawa, Glenys. Kallo na masu jin daɗi ne.”

Kawu Idwal ya ce, “Ni dai na ji an ce kashi na uku ba laifi.”

“Wa ya ce?”

“Mutane.”

Aka naɗe zanen Mama aka mayar durowa, daga durowar kuma na'urar ji ta fito. Ya duba shirin fuska a murtuke. Sau biyu na kama shi yana dariya, sau biyu ya mayar da ita tari. Da aka nuno wata duniya mai ruwan toka, Goggo ta yi tsalle ta ce wallahi raminmu na fasa dutse ne, ga inda motarta ta taɓa maƙalewa. Baba ya ce ko ramin ne, sun wanke shi da yawa.

Da lokacinku ya yi ka kira, da ka ga yadda ya riƙe wayar da hannu biyu kamar za ta zube. Kana ta cewa, “Baba, ga Mabli,” shi kuma yana ta gyaran murya. Da ta ce masa, “Kaka, kai ne mai gadin dodanni?” sai ya kalle ni, ni kuma na ga ya dace in je in duba buta.

Daga ƙofar kicin na ga sauran. Yana jin sautin talabijin ɗinku ta waya, idonsa a rufe, yana bin labarin da ka. Da wurin ya matso ya ce, “Fasinjoji a sauka ƙasa,” da muryar nan da ban ƙara ji ba tun ina firamare. Sai hannunsa ya tafi baya da kansa, zai yi lilo. Ya bugi bango. Ya juya ya daɗe yana kallon bangon, kamar wani ne ya shigo ya gina shi ba da izininsa ba.



Shirin dai har yanzu ya lalace, in ji shi, kuma zai ci gaba da lalacewa kowace Asabar da ƙarfe shida, da biskit. Ka gaida Kendra, ka ce na gode da ta yarda aka sake gwadawa.

Yayarka,
Nerys

Gida, Disamba

Ɗana Gethin,

Bayan gaisuwa. Nan ana ruwa.

Kwamiti ya samu labarin cewa kashin Kirsimeti a lokaci ɗaya za a nuna shi a ƙasashen biyu. Wannan ma dabarar Amurkawa ce. Ke nan ba ni da halin dubawa kafin ku, ba kuma zan iya gargaɗin abin da ban gani ba. Mun tattauna, mafita ɗaya muka samu: yarinyar ta kasance inda hannun yake.

Ɗakinka yana nan. Matarka ta zo da rigar ruwa.

Na jawo kujerar. Ban san faɗin Mabli ba, don haka na bar wurin mutum biyu, tunda an ce kai ma kana ɗaga ƙafafu.

Babanka