Ta Sa Sunanta a Zannuwan Inna

Yaya,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya ƙafar tasa? Ni lafiya lau, yatsuna ne kawai zare ya tsattsaga, kada ki gaya masa.

Kin tuna zannuwan marigayiya Inna da na taho da su? Wata takwas ina warware su, na saƙa siffar mace a tsaye da zarensu, daidai tsawon Inna. To, matar da nake aiki a ɗakin saƙarta ta kai saƙar wajen baje koli da sunanta, wai kakarta take tunawa. Da na yi magana, sai ta dafa ni ta ce, "Ke hannu kika sa, tunanin nawa ne."

Don Allah ki turo min hoton Inna da shuɗin zanen nan mai ƙunar dutsen guga. Gefen da ya ƙone na ɗinka shi a ƙirjin saƙar. Ranar Asabar manyan baƙinta za su taru. Zan tsaya gabansu da hoton, in ce ta bayyana musu yadda kakarta ta ƙona zanen uwata.

Kada ki ba ni haƙuri, Yaya. Na haɗiye abubuwa da yawa a nan, amma ba zan bar mata Inna ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki