Aikin Malanta da Nasiru Bai Samu Ba

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya aiki da zaman Fatakwal? Da fatan maiɗakinka da yara suna lafiya. Mu nan Getso ƙalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar ƙaninmu Nasiru ce ta sa na rubuto. Tun da masaƙa ta sallame shi yake zaune. Kwanaki wani jami'in ilimi ya zo taron iyayen yara, ya ce wannan tsuke bakin aljihu alheri ne ga makarantu, tunda masu ilimi sun rasa aiki, yanzu ne za a samu malamai nagari. Wallahi har kai na gyaɗa, don akwai gaskiya a ciki.

Nasiru ya ɗauki takardunsa ya je neman aikin koyar da lissafi a makarantar garinmu. Ko tambayar lissafi ɗaya ba su yi masa ba, sai “Wa ya aiko ka?” Surukin wani babba suka ɗauka. ’Yata Ummi ta ce barci yake yi a aji. Kuma jami'in nan, duk wa'azin Shari'a shi ne a sahun gaba yana kabbara. Tir! Me yawan gwanaye zai amfana mana, in mai zaɓen ba gwani yake nema ba?

Inna tana gaishe ku. Ka sa Nasiru a addu'a. Yanzu shi ke koya wa Ummi lissafi a zaure, bayan ta dawo daga gadin mai barci.

Ƙaninka,
Sabi'u