Lokacin da aka sa wa Zuwaira

Belbeji, daren Litinin, 9 ga Rajab

Alhamdu lillahi, an yi wa jikata Zuwaira aikin zuciya a Indiya, ta farka! Don murna, rubutuna ya koma irin na farkon shigata makarantar dare.

Jiya ɗana Sani, wanda ya kai ta can, ya kira a ruɗe. Wai wata tsohuwa 'yar Hindu, mai jinyar mijinta kusa da gadonsu, ta buɗe littafinsu na lissafin kwanaki, ta ce ƙarfe takwas na safiyar Litinin da aka sa wa aikin mugun lokaci ne, a roƙi lokotoro, wato likitan, ya ɗaga.

"Baba, yaya zan yi?"

Na ce, "Kai, Sani, duk lokaci na Allah ne. Kada ka ɗaga. Amma ka gode mata."

Na faɗa da ƙarfi, amma ban iya cin tuwo ba.

Ashe da aka shiga da yarinyar, tsohuwar nan ta bar mijinta, ta zauna bakin ƙofa ko ruwa ba ta sha ba, har aka fito. Sani ya ce ta riga shi fashewa da kuka.

Littafinta ban yarda da shi ba. Amma na roƙa wa mijinta lafiya a sallar isha'i, ko sunansa ban sani ba.