Ni Na Koya wa Na'urar, Yaya Hasiya

Zuwa ga yayata Hasiya, a duk inda wannan takarda ta riske ki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Dari da yara. Ƙanenki ne Iliyasu, wanda kike kira Illa. Ina rubuto miki daga Filinge, gidan Kawu Bube. Na sa takardar nan a fili inda kowa zai gani, domin ban san inda zan aika ta ba. Yau kwana arba'in da ɗaya wayarki a kashe. Wataƙila wani ya gane ki, ya karanta miki.

Akwai maganar da na ɓoye miki, ita nake so in faɗa. Amma sai na koma baya kaɗan, don ban taɓa yi miki bayanin aikina yadda ya kamata ba.

Kin tuna ranar da na zo hutu daga Yamai na ce miki shimi nake karantawa a jami'a? Kina daka, kika yi dariya har kika jingine taɓarya. Kika ce, "Duk wahalar ga da munka sha, ashe tela za mu samu." Na yi ta fama in ganar da ke cewa kalmar Faransanci ce, ilimin sinadarai ake nufi. Kika ce in dai da albarka a ciki, in je.

Na je. Tawa ma ba irin ta masu farar riga da kwalabe ba ce. Ta alƙalami da kwamfuta ce: a lissafa yadda ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suke kama juna. Na samu bursi, wato tallafin karatu, na tafi ƙasar waje, na yi shekara shida ina lissafin yadda ruwa yake riƙe gishiri. Da na faɗa miki a waya, kika tambaye ni ko ruwan nawa yana jiƙa hannu. Ba ya jiƙawa, Yaya. Amma ina son aikin kamar raina. In na yi kuskure, takarda ce take lalacewa, sai in yaga in sake.

Da na gama, aka kira ni dokta, sai wurin aiki ya gagara. Shekara biyu ina neman kujerar koyarwa, can da nan gida. Ke kina gaya wa mata a bakin famfo cewa ƙanenki dokta ne, ni kuwa ina jin kunyar in kira ki. Wani abokin karatuna ya ce lissafin da na iya shi ne dai ake koya wa na'ura tunani da shi: ka ba ta labarin abin da ya wuce, ta gano abin da zai zo. Na koya cikin wata takwas. Na dawo Yamai na buɗe ɗan ofis, kamfanoni suna kawo mini matsalarsu ina rubuta musu manhaja. Rufin kwanon ɗakinki daga wannan aiki ya fito. Na ɗauka na tsira.

Bara wani kamfani mai kafa famfuna masu aiki da hasken rana ya neme ni. Famfunansu sun yi yawa, motocin gyara kaɗan ne, hanyoyi kuma kin san halin da suke ciki. Suna son na'ura ta riƙa jera musu garuruwa: wane za a fara zuwa, wane zai jira. Suka ba ni bayanai, nisan gari, yawan jama'a, sau nawa mota ta kama hanya ta juyo. Babu sunan gari ko ɗaya a ciki, lambobi ne kawai. Ban tambaya ba. Na yi aikin, ya yi kyau, aka yaba mini.

Sai ga saƙon muryarki. Har yanzu yana cikin wayata, ban iya goge shi ba, ban kuma iya sake saurarensa ba. Kika ce famfo ya mutu kwana ashirin, tsohuwar rijiya ta koma laka, kuna tafiya har garin gaba da amalanke. Kika ce, "Maigari ya kira kamfanin da ya kafa shi, sun ce na'ura ce ta hana. Illa, kai da ka san na'ura, mi munka yi mata?"

Na tambayi kamfanin da na yi wa aikin lambar garinmu, na buɗe jerin na neme ta. Yana can ƙasa, na uku daga ƙarshe.

Ni na koya wa na'urar, Yaya. Da hannuna. Abin da na ɓoye miki ke nan. Na ce miki ki yi haƙuri zan bincika, kamar wani can ne ya yi.

Na je wurin shugaban kamfanin. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce in an ɗaga garinmu don 'yar'uwata tana ciki, wani gari za a saukar, shi ma da 'yar'uwar wani. Gaskiya ya faɗa. Na koma na bi lissafin layi-layi har na ga inda na yi ɓarna. Sau biyu motarsu ta juyo daga hanyarmu da damina, saboda kori, rafin nan na damina, ya cika. Na'ura ta ɗauke shi a matsayin hanya mai haɗari, don ban koya mata bambanci tsakanin ruwan sama da 'yan bindiga ba. Tunda kuma ba a sake tura kowa ba, babu sabon labarin da zai wanke mu. Da haka za mu zauna a ƙasan jerin har abada. Yaron da ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai ya san kori yana janyewa kafin a yanke gero. Ni na sani, amma ina kallon lambobi na manta.

Na gyara, na rubuta musu, suka ce sai kwamiti ya zauna. Kafin ya zauna, wayarki ta mutu.

Na rufe ofis na taho. Kawu Bube ya ce gidaje da yawa sun tashi daga garinmu, dabbobi sun fara faɗuwa, ga tsoro kuma. Lahadi uku ke nan ina zagaya kasuwar Filinge da hotonki, daga wurin masu gero zuwa tasha. Wata mai sai da kanwa ta ce ta gan ku a amalanke kun nufi Bonkuku. Na je, ban same ku ba. Wani direba ya ce ya sauke mace mai yara huɗu a hanyar Yamai, ƙaramin ba shi da lafiya. Ban sani ba ko autanki Sani ne. Ban san ko ke ce ba ma. Kowa na tambaya sai ya ce Allah ya sada mu, ni kuma in ce amin in wuce gaba.

Daga baya kwamitin ya amince. Shekaranjiya motar gyara ta shiga garinmu, ina cikinta. Wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, bai kai tafin hannu ba. Kafin azahar ruwa ya zubo. Tsofaffi bakwai ne suka fito kallo. Na je ƙofar gidanki na tarar an ɗaure ta da igiya, irin ɗaurinki. Na zauna a nan har direba ya ce rana tana yi, dole mu fita.

Ban san abin da zan yi da kaina ba yanzu. Sinadarai sun wuce ni, kwamfutar kuma ban buɗe ta ba tun da na zo. Ba na roƙon ki yafe mini a takarda. Ki zo ki faɗa mini duk abin da kike so, a gaban kowa, zan tsaya. Ki dai sa wani ya kira Kawu Bube ya ce kuna raye.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya ba ki inuwa da ruwa mai daɗi. Allah ya ba yaron lafiya, in namu ne, in ma na wasu ne. Allah ya mai da kowa gidansa, ya yafe mini abin da na yi da sani da wanda na yi cikin rashin sani.

Ruwa ya dawo, Yaya. Ranar Lahadi ina tashar Filinge tun da safe.

Ƙanenki,
Illa