Abin da Nas Ta Faɗa Wajen Awo

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya su Dije? Maman Jessica maƙwabciyata ke rubutawa, ni ina faɗa.

Lafiya lau muke a Barnawa, sai dai ko taya ta fashe a titi, yini nake jikina na ɓari. Wajen awo nas ta ce yawan firgicin mai ciki yana iya taɓa ɗa, wai har jika. Sai na tuna kina ɗauke da cikina kika gudu daga garin nan lokacin rikici. Wallahi ba laifinki nake gani ba.

Don Allah ki zo, ko kitso ki yi mini. In kaina na kan cinyarki ba na tsoron komai. So nake na cikin nan ya gaji wannan ma.

Allah ya bar mana ke.

Taki,
Safiya